Daga Illela zuwa ƙofar jami'a: wa ke tallafa wa ɗalibin da ya gudo?

A watan Disambar 2020 abubuwa biyu suka faru a Illela kusan lokaci guda. Gwamnatin tarayya ta ba da umarnin buɗe kan iyakoki huɗu daga cikin waɗanda aka garƙame tun Agustan 2019, wato Seme da Maigatari da Mfun da Illela, 'yan kasuwa suka yi ajiyar zuciya. A daidai wannan lokaci kuma, bayan sace ɗaruruwan ɗalibai a Ƙanƙara ta Jihar Katsina, gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta rufe makarantun kwana 16 da ke yankunan da ake fargaba. Biyu daga ciki a Illela suke: sakandaren 'yan mata ta gwamnati, da sakandaren Larabci ta Sarkin Musulmi Muhammadu Tambari.

Ba wanda zai ga laifin gwamna a kan haka. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, kuma ba a yi wata uku ba aka kwashe 'yan matan Jangeɓe a Zamfara. An ce a mayar da ɗaliban zuwa wasu makarantu, an kuma mayar. Amma duk wanda ya san ƙauye ya san cewa uban da ya yarda 'yarsa ta kwana a makarantar da zai iya hawa babur ya leƙa ta ran kasuwa, ba lallai ne ya yarda ta tafi Sakkwato ba, tafiyar kilomita tamanin da 'yan kai. Yarinyar da karatunta ya tsaya a aji huɗu ko biyar ba za ta taɓa cika fom ɗin neman tallafin shiga jami'a ba, ko da kuwa tallafin ya zo har ƙofar gidansu.

A shekarun nan ana yawan maganar taimakon da jami'o'in duniya ke bai wa ɗalibai 'yan gudun hijira da malaman da yaƙi ko zalunci ya raba da ƙasashensu. Akwai aikin gaske a ciki. Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a 2019 kashi 1 cikin ɗari ne kacal na matasa 'yan gudun hijira ke samun karatun gaba da sakandare. A rahotonta na 2024 adadin ya kai kashi 7, kuma burinta ya kai kashi 15 kafin 2030. Sauran matasan duniya kuwa sun haura kashi 40. Sai dai wannan rahoton ya faɗi wani abin da ya fi damuna: kashi 65 na yaran suna firamare, amma kashi 42 ne ke sakandare. Tun a nan da yawansu ke zubewa, kuma a gari irin Illela ana ganin zubewar da ido.

Su wa ake magana a kansu a wannan yanki? Tun daga 2019 hare-haren 'yan bindiga suka riƙa koro mutane daga gabashin Sakkwato da arewacin Zamfara da yammacin Katsina zuwa Jamhuriyar Nijar. Ya zuwa 2021 an ƙiyasta kusan mutum dubu 80 a jihar Maraɗi, aka tsugunar da wasunsu a Cadakori da Garin Kaka da Ɗan Daji Makau, nesa da bakin iyaka. A ƙarshen wannan shekarar, bayan kisan kasuwar Goronyo a Oktoba da harin ƙauyukan Illela a Nuwamba, wasu dubban suka sake tsallakawa, galibi mutanen Sabon Birni da kewaye, suka sauka a Bangi ta gundumar Madawa cikin jihar Tawa. A Nuwambar 2024 kuma rundunar tsaro ta fito ta ambaci sunan Lakurawa, waɗanda suka addabi Tangaza da Gudu da maƙwabtansu. Ita ma Nijar ba ta tsira ba. A Maris 2021 an kashe mutum 137 a yankin Tilliya, kuma jihar Tawa ta daɗe tana ɗauke da 'yan Mali da suka gudo tun 2012.

Illela da Birnin Ƙonni tamkar unguwanni biyu ne na gari ɗaya. Ɗan kabu-kabu zai kai ka cikin 'yan mintoci, ana auratayya, ana cin kasuwar juna, ɗan canji na riƙe da naira a hannu ɗaya da sefa a ɗaya. Wannan zumunci shi ya ceci rayuka da yawa, shi ne kuma ya ɓoye masu gudun daga idon hukuma. Mutumin da ya baro ƙauyensu cikin dare ya sauka gidan ɗan'uwansa a Ƙonni ba ya jin akwai dalilin bin layin rajista. Wurin dangi ya zo. Ba shi da katin ɗan gudun hijira, ɗansa ma haka, alhali katin nan shi ne sharaɗi na farko a kusan duk wani tallafin karatu da ake shelarsa.

A duba yadda doka ta raba yara biyu 'yan ƙauye ɗaya. Wanda ya yi arewa ya tsallaka iyaka ya shiga ƙarƙashin yarjejeniyar 1951 da ta ƙasashen Afirka ta 1969. Sashe na 22 na ta 1951 ya ce a firamare a ɗauke shi daidai da ɗan ƙasa, a gaba da firamare kuwa kada a yi masa ƙasa da yadda ake wa sauran baƙi wajen ba da gurbi da amincewa da takardu da sassauta kuɗin makaranta. Wanda ya yi kudu ya faɗo garin Illela ko Gwadabawa ko birnin Sakkwato bai bar ƙasarsa ba, don haka nauyinsa na kan gwamnatinsa, bisa yarjejeniyar Kampala ta 2009 da Nijeriya ta amince da ita a 2012. Gobara ɗaya ta cinye rumbunansu, amma na farko ne kawai zai iya neman tallafin ƙasashen waje. Irin na biyun kuwa sun haura miliyan uku a Nijeriya.

Babban tallafin da ake da shi shi ne DAFI, wanda gwamnatin Jamus ta kafa a 1992 da sunan Albert Einstein, shi ma ɗan gudun hijira ne a zamaninsa. Ya ɗauki nauyin ɗalibai sama da dubu 26, yana biyan kuɗin makaranta da littattafai da abinci da wurin kwana, kuma yana aiki a Nijar da Nijeriya. Hikimarsa ita ce ɗalibi ya yi karatu a ƙasar da yake zaune. Sharuɗɗansa: kati, da kammala sakandare da sakamako mai kyau, da kada a wuce shekara 28. Jami'o'in Italiya suna da nasu tsarin mai suna UNICORE, wanda ya fara a 2019 ya kuma faɗaɗa zuwa Nijar da Nijeriya a 2022, amma na masu neman digiri na biyu ne, guraben kuma 'yan gommai ne a shekara, ana rabawa tsakanin ƙasashe da dama. Wanda ya fi burge ni shi ne na Kanada, da ƙungiyar WUSC ke gudanarwa tun 1978. A can ɗalibai ne da kansu ke kaɗa ƙuri'a su yarda a ƙara 'yan daloli a kan kuɗin makarantarsu, a tara a ɗauki nauyin ɗan gudun hijira ɗaya ko biyu a jami'arsu. Duk waɗannan alheri ne. Amma ga yaron da bai ga takardar WAEC ba, tamkar an miƙa masa guga ne babu igiya. Sannan aljihun masu bayarwar ya fara ƙafewa: bayan Amurka ta tsuke tallafin da take bai wa ƙasashen waje a 2025, hukumar ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanar da soke guraben aiki kusan 3,500. Wanda ke jiran Turai ta warware masa wannan matsala zai daɗe yana jira.

Mu ɗauki misalin yaron da ke aji biyar na sakandare lokacin da aka tashi ƙauyensu, yanzu yana zaune a ɗakin kawunsa a Illela yana dakon albasa ran Lahadi. Kansa na ja, yana son karatu. Makarantarsa ce ya kamata ta yi masa rajistar WAEC ko NECO, ita ke riƙe da makin gwaje-gwajensa, ga shi makarantar ta zama kufai. Sai dai ya zauna jarrabawar masu zaman kansu, da kuɗinsa. A ce ya samu kiredit biyar, har da Turanci da lissafi. JAMB ba za ta saurare shi ba sai da lambar NIN, wannan tun 2021 ne. Zai buƙaci layin waya nasa na kansa don ya aika saƙo a turo masa lambar rajista, ya sayi fom, ya je cibiyar kwamfuta ya dangwala yatsu, ya dawo ran jarrabawa ya amsa tambayoyi a kan na'urar da wataƙila bai taɓa zama gabanta ba. In ya ci, jami'a za ta nemi takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, da shaidar kammala firamare, da takardar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda galibi sai mai gari ko hakimi ya shaide ka, mai garin kuwa shi ma gudu ya yi, Allah kaɗai ya san inda ya sauka. Bashin karatu na NELFUND da aka sa wa dokarsa hannu a Afrilun 2024 sai wanda ya riga ya samu gurbi. Babu mataki ɗaya a nan da aka tsara da mugun nufi. Kowanne yana da dalilinsa, yawanci don toshe maguɗi. An dai tsara su ne da tunanin yaron da ke kwana a ɗakin da aka haife shi, takardunsa na ƙarƙashin katifar uwarsa.

Wanda ya tsallaka kuwa wata sarƙaƙiyar ke jiransa. Yaron da aka shiga da shi Nijar yana ɗan shekara goma a 2019, in ya yi sa'a an sa shi makarantar lakwal, da Faransanci yake karatu, zai zauna jarrabawar BEPC sannan ta bakaloriya. Ran da iyayensa suka dawo gida, jami'ar Nijeriya za ta tambaye shi kiredit a Turanci. Yayansa da ya tsallaka da takardar NECO a aljihu, in ya nufi Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa ko ta Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, sai ya nemi a daidaita masa takardu, sannan ya zauna lacca da harshen da bai iya ba. Ƙasashen Afirka sun ƙulla yarjejeniyar Addis Ababa a 2014 kan amincewa da takardun karatun juna, ta fara aiki a 2019, har da tanadin 'yan gudun hijirar da takardunsu suka salwanta. Hukumar UNESCO ta gwada wani fasfo na shaidar karatu a Zambiya a 2019, inda masana ke zama da mutum su yi masa tambayoyi, su auna iliminsa, su ba shi takardar da zai nuna. Hanyar dai an san ta. Iskar da ke kaɗawa a nan ce ta juya. A Janairun 2024, bayan ɗan jarida Umar Audu ya bankaɗo yadda ya samo digiri a Kwatano cikin mako shida, Nijeriya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo, ministan ilimi na lokacin, Tahir Mamman, ya ce binciken zai kai har Nijar. Tsarkake takardu wajibi ne, amma ɗalibin kirki ma ya shiga cikin zargi. Ƙara da rufe iyaka daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024 bayan juyin mulkin da ya kifar da shugaban Nijar Bazoum, da ficewar Nijar daga ECOWAS a Janairun 2025, sai ka ga yadda rigimar manya ke sauka a kan jakar ɗan makaranta.

Kada wani ya ce ba za a iya ba, don an yi a gabanmu. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan ran 15 ga Afrilun 2023, an kwaso 'yan Nijeriya sama da 2,500 ta Masar da Port Sudan, yawancinsu ɗalibai, da yawa 'yan Arewa da ke karatu a wurare irin su Jami'ar Afirka ta Khartum. Cikin 'yan makonni JAMB, ƙarƙashin Farfesa Ishaq Oloyede, ta fito da tsarin gaggawa na shigar da su jami'o'in gida. Tanzaniya da Ruwanda kuma kowacce ta karɓi ɗaliban likitanci sama da ɗari daga wata jami'ar Khartum don su ƙarasa. Na ji daɗin abin da aka yi wa ɗaliban Sudan, sun cancanta. Sai dai a faɗi gaskiya: an yi saurin ne don suna da iyaye masu murya, da gwamnonin da suka tura su, da kyamarori a filin jirgin Abuja. Yaron da ya baro Sabon Birni da ƙafa ba wanda ya tarbe shi da kyamara. JAMB ɗin nan ta ware tsari na musamman ga makafi tun 2017, Jami'ar NOUN na koyar da fursunoni kyauta a gidajen gyaran hali, Jami'ar Amurka da ke Yola ta karɓi 'yan matan Chibok ta yi musu ajin share fage kafin digiri. Ke nan ƙa'ida tana lanƙwasuwa idan an ga dama.

Ɓangaren malamai ya fi tsufa a tarihi. A 1933, da Hitler ya fara korar malaman jami'a, William Beveridge da abokansa suka kafa majalisar agaza musu a Ingila, wadda yau ake kira Cara. A 1999 aka kafa Scholars at Risk a Jami'ar Chicago, a 2015 Jamus ta fito da shirin Philipp Schwartz. Dukansu tsari ɗaya ne: jami'a ta ba malamin da ke cikin haɗari ofis da albashi na shekara ɗaya ko biyu har ya tsaya da ƙafarsa. Nijeriya ma ta taɓa zama masauki. Marubuci Ezekiel Mphahlele ya baro mulkin wariyar launin fata ya zo nan a 1957. A 1976 aka kafa asusun agaza wa kudancin Afirka, ma'aikata suka bayar daga albashinsu, ɗaliban da suka tsere bayan kisan Soweto suka yi karatu a makarantunmu. Jami'ar Ahmadu Bello ta tara malamai daga ko'ina, irin su Okello Oculi na Yuganda. Mun kuma taɓa zama masu kora, don a 1988 gwamnatin Babangida ta tasa ƙeyar Patrick Wilmot daga Zariya.

Yau namu malaman ne a bakin wuta. Farfesa Aliyu Mani ya rasu a harin bam na masallacin Jami'ar Maiduguri a Janairun 2017. A Yunin 2024 'yan bindiga suka kashe Farfesa Yusuf Sa'idu, mataimakin shugaban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a kan hanyarsa ta zuwa Kaduna. Allah ya jiƙansu. Duk da haka muna da abin bayarwa, har ma akwai bashi a kanmu. Lokacin da aka buɗe makarantar shari'a a Kano a 1934, wadda daga baya ta zama Makarantar Nazarin Larabci, daga Sudan aka ɗauko shehunan da suka koyar, kuma ta hannunsu alƙalai da malamai da yawa na Arewa suka fito. Yaƙin Sudan ya tarwatsa jami'o'in Khartum, malamansu na likitanci da injiniyanci da Larabci sun watsu a ƙasashe, mu kuma sassanmu na kukan ƙarancin malamai saboda masu ficewa waje. Kwantiragin shekara biyu ga goma daga cikinsu a Sakkwato ba sadaka ba ce, ɗalibanmu ne za su fara cin moriya.

Akwai kuma malamin da babu wata ƙungiyar Turai da ta san da shi: malamin zaure da ya gudo daga ƙauye da buhun littattafan da ya gada, wasu rubutun hannu ne na kakanni. Jami'ar da ke da cibiyar nazarin Musulunci da ta nazarin Hausa, a garin da ke da ma'ajiyar tarihi ta Waziri Junaidu, ya kamata ta neme su, ta ɗauki hoton abin da suka tsira da shi tun kafin gara da damina su gama da shi.

In akwai jami'ar da wannan aiki ya fi dacewa da ita, ai wadda ke ɗauke da sunan Shehu ce tun 1988. An haifi Shehu Usmanu a Maratta a 1754, garin da yau yake cikin Nijar. Ya koyar a Ɗegel, cikin ƙasar Gwadabawa maƙwabciyar Illela, daga nan ya yi hijira zuwa Gudu a Fabrairun 1804 tare da almajiransa da littattafansa, Nana Asma'u tana yarinya 'yar kimanin shekara goma a cikin ayarin. Karatu bai tsaya ba a wannan tafiya, kuma abin da yarinyar ta zama daga baya kowa ya sani.

Abin da ake nema bai kai kuɗin gina babban ɗakin taro ɗaya ba. Jami'ar Ɗanfodiyo da Jami'ar Jihar Sakkwato za su iya ware 'yan gurabe a kowace tsangaya ga waɗanda rikici ya raba da gidajensu, ko sun tsallaka iyaka ko ba su tsallaka ba, su yafe musu kuɗin rajista, su ba su gado a ɗakin kwana, don wanda ba shi da gidan komawa hutu gado ya fi masa komai. Za su iya karɓar rantsuwar kotu da gwajin da sashe zai yi wa ɗalibi a madadin takardar da ta ƙone, su kuma caji ɗan gudun hijira kuɗin ɗan ƙasa maimakon na baƙo. Mafi muhimmanci a ganina shi ne ajin share fage a Illela kanta: shekara ɗaya ta shirin NECO da JAMB da koyon kwamfuta, da Turanci ga masu bakaloriya, da Faransanci ga masu son Tawa ko Maraɗi, ɗaliban tsangayar ilimi da ke aikin koyon koyarwa da masu yi wa ƙasa hidima su riƙa koyarwa. Malaman Sakkwato da na Tawa ba sa buƙatar tafinta, ba kuma sai Abuja da Yamai sun gama sasantawa za su iya zama su daidaita takardun ɗalibai ba. Ƙungiyar ɗalibai ma tana iya gwada dabarar Kanada da naira ɗari biyar-biyar.

Za a ce, da gaskiya, 'ya'yan talakawan da ba su yi gudu ba ma suna fama, kuma da zarar an ware gurbi, 'ya'yan masu hanya za su zama 'yan gudun hijirar ƙarya. Wannan fargaba ce mai tushe, mun san halinmu. Maganinta tantancewa a fili, da hakimai da limamai da shugabannin makarantun da aka rufe, a kuma liƙa sunaye kowa ya gani. Tsoron maguɗi bai hana mu yin jarrabawa ba.

Ina kira ga shugabannin jami'o'in nan biyu na Sakkwato, da ma'aikatar ilimi mai zurfi ta jiha, da shugabannin ƙananan hukumomin Illela da Gwadabawa da Gada da Sabon Birni: kafin JAMB ta buɗe rajistar baɗi, a tura mutane unguwa-unguwa su rubuta sunan duk saurayi da budurwar da gudu ya katse wa karatu daga aji huɗu zuwa sama, da ajin da ya tsaya, da takardar da ya rasa. Da wannan jerin sunaye za a san yawan kujerun da za a jera a ajin farko.